Tabon Salansa

Tun da muka dawo ba a bar ni na sha ruwa ba. A gidan biki tambaya, a shago tambaya, har waya ake bugo mini: "Hajiya Rabi, wai da gaske ne kin kai Malam Sabo Chana kallon tseren babur?" Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, ga shi kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa Malam ya shiga tseren ya zo na uku. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Amma sai na fara da babur ɗin da ke zauren gidanmu, don daga nan tafiyar ta samo asali.

Malam Sabo mijina ne, kuma ɗan acaɓa ne tun yana saurayi. A bayan babur ɗinsa muka haɗu. Ya ɗauko ni daga Kantin Kwari zuwa Gwammaja, na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, washegari sai ga shi a ƙofar gidanmu wai ya zo ya ji ko na sauka lafiya. Da babur ɗin nan ya ciyar da mu, da shi na fara sarin takalma har na kai ga zuwa Gwanzu a ƙasar Chana. Ranar da aka hana acaɓa a Kano ya turo shi zaure, ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, bai sake ɗaga ta ba. Ya gwada Adaidaita Sahu, ya ce shi ba zai iya tuƙa akurki ba. Daga nan ya koma zama a shagona yana miƙo takalmi. Bai taɓa ƙorafi ba, amma mutumin da a da tun daga bakin lungu ake jiyo dariyarsa ya koma sai murmushi na ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Shekaru muna haka. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

A Gwanzu akwai Alhaji Isiyaku, mutumin zangon Kumasi, shi ke yi mini lodin kaya zuwa gida. A wata tafiya da na yi ni kaɗai, ya nuna mini bidiyo a wayarsa: babura suna gudu kamar za su tashi sama, a tsakiyar gari, tsakanin gidajen mutane.

"Makau ke nan, Hajiya, nan kusa ne," in ji shi. "Sau ɗaya a shekara gwamnati da kansa ke rufe titi ya ba masu moto. Ka gani?"

Shi Alhaji Isiyaku mace da namiji duk "ka" yake ce musu, har na saba. Na karɓi wayar na sake kallo. Garin da ake rufe titi saboda 'yan babur su wuce, ba don a kama su ba. Nan take na ƙudurta sai Malam ya ga wannan da idonsa.

Na yi shiri ba na wasa ba. Makau ƙasar Chana ce a baki, amma tana da iyakarta da hatiminta, shiga cikinta fita ce daga Chana. Don haka na nemo mana biza mai shiga biyu, na nemo takardar Makau tun daga gida. Na gaya wa Malam bayana ke ciwo, ina neman mai taya ni ɗaukar kaya. Ana saura kwanaki mu taso Alhaji ya kira ni ya ce, "Hajiya, tikitin kallo fa? In saya ma?"

Na ce, "Tikitin me, Alhaji? Ba titin gwamnati ba ne? Mu a Kano in samari na wasa da babur ranar ɗaurin aure, wa ke sayen tikiti? Bakin titi za mu tsaya."

Ya ce, "To, ka fi ni sani."

Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Muka sauka filin jirgin Baiyun na Gwanzu ƙafafu a kumbure. Malam ya gaya wa 'yan majalisarsa zai je garin da ake haihuwar babura, don haka tun da muka shiga tasi ya manna fuska a gilashi yana nema. Motoci, bas-bas, gadoji a kan gadoji, babur ko ɗaya babu. Sai wasu ƙananan masu batir da ke sulalewa gefen titi, ba ƙara ba hayaƙi. A masaukinmu da ke titin Huanshi Lu muka haɗu da wani dattijo mutumin Maraɗi mai sarin atamfa, Malam ya tambaye shi ina baburan garin suke.

"Moto mai shan mai? Ai an hana shi cikin gari tun da daɗewa," in ji dattijon.

Malam ya ce, "Su ma?"

"Su ma."

Muka hau sama. A raina na ce kar dai na ɗauko shi daga wani baƙin cikin na kawo shi wani.

Ɗakinmu ɗan ƙarami ne, tagarsa na kallon bangon wani ginin. Ka nemi ruwan sanyi su kawo maka mai zafi, wai shi ne lafiya. Abinci kuwa ba mu sha wuya ba. A unguwar Xiaobei akwai wata 'yar Nijar da ke tuƙa tuwon shinkafa a ɗakinta na saman bene, sai wanda ya sani ke zuwa. Akwai kuma Musulmin Chana masu fararen huluna da ke jan taliya da hannu a gabanka. Aka ba Malam tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, ya yi kokawa da su har taliyar ta huce, sai ya tashi ya wanke hannu ya dawo ya yi bisimilla. Mai shagon ya kira matarsa daga ciki ta zo ta gani, suka ƙaro masa romo kyauta.

Kwanakin farko a titin Zhanxi Lu muka cinye su, wajen masu takalma. Ni ina "lawban, rage mana", wato maigida, su kuma suna girgiza kai suna "meyo, meyo", wato babu. Malam na biye da ni da buhun samfur, takalma ƙafa ɗaiɗai. Sau biyu masu babur ɗin batir suka kusa kwashe shi, don da kunne ya saba tsallaka titi. Ya ce, "Rabi, ni abin da ba ya sallama ba na yarda da shi."

Ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci na nuna masa bidiyon, na ce gobe muna can. Ya kalli wayar ya kalle ni, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da wasa." Na fito da takardun na ajiye masa a cinya. Ya daɗe yana shafa su, sannan ya tashi ya ɗauko kaftaninsa na salla ya fara neman dutsen guga.

Da yamma muka hau jirgin ƙasa zuwa Zhuhai, garin da ke bakin iyaka, muka kwana a can don ɗakunan Makau a makon tsere ba na talaka ba ne. Da safe muka bi ayari. A ƙafa ake tsallakawa, ta cikin wani ƙaton gini, mutane kamar an buɗe kasuwa, yawanci tsofaffin mata masu jan kwandon cefane. Kafin layi na ga hoton nama an ja masa jan layi, ga ni da robar dambun nama cike a jaka. Na ce sai dai a zubar. Malam ya ce ba a gabansa ba. Ya ja gefe ya tsaya yana ɗura dambu a baki, yana miƙo mini, muna ci muna ƙwarewa, jama'a na wucewa suna kallonmu. Aka buga mana hatimi da maiƙo a leɓe.

Muna fitowa ɗaya ɓangaren Malam ya kusa shiga gaban bas, don su a hagu suke tuƙi, mu kuma hagu muka duba kamar a gida, ita kuwa ta dama ta taso. Na finciko rigarsa. Sai na ga ba bas ɗin yake kallo ba. Babura ne jere a bakin titi, layi bayan layi, masu shan mai, masu ƙara, masu hayaƙi, wasu na tashi wasu na tsayawa. Ya ja numfashi ya ce, "Kin ji ƙamshi?" Hayaƙin da nake toshe wa hanci a Kano shi ne ƙamshin.

Na ga bas mai kyau ana shiga ba a biya, na ce mu ma ai 'ya'ya ne. Ta sauke mu a ƙofar wani gini mai ruwan zinare, muka shiga da sallama. Sai da na ga tebura da karta da injina masu walƙiya na gane gidan caca ne. Hajiya guda da hijabi har ƙasa! Na ja Malam muka fito ina a'uziyya, shi kuma yana cewa ai wannan labarin sai ya kai shi Gwammaja.

A nan waje muka fara jiyo baburan tseren. Wata irin ƙara ce daga nesa, tana tasowa tana faɗuwa. Muka bi ta. Muka sha kwana, sai katanga: ƙarfe a ƙasa, allon katako a sama, raga a bisa allon. Muka bi wani titin, katanga. Kowane lungu ka bi ƙarshensa shinge ne da ma'aikaci mai riga ruwan lemo yana nuna maka ka juya. Na hango gadar masu ƙafa da ta haye titin tseren, na ce alhamdulillahi, daga sama ma ya fi. Muka hau, ashe ita ma an rufe ta da alluna ta ko'ina don kar a tsaya kallo, ga mai gadi yana kaɗa hannu a wuce. Babura na tsala gudu a ƙarƙashin ƙafafunmu, gadar na rawa, ba ma ganin ko taya.

Muka nemo wajen sayar da tikiti. Yarinyar ta haɗa hannuwa ta gicciye su. Ban san yarensu na can ba, amma na san "meyo" ko da hannu aka faɗe ta. Takardunmu kuwa na yini ɗaya ne a wajenmu, in muka koma Chana mun gama cinye shiga biyun, ba sauran dawowa.

Na zauna a kan dakalin wani shago na fashe da kuka, ban damu da masu wucewa ba. Shekara guda ina shiri, na kawo bawan Allah tun daga Kano ya zo ya kalli katako. Malam ya tsuguna a gabana ya ce, "Haba Rabi. Ai mun ji ƙara. Ya isa haka, Allah ya saka miki." Ya yi mini murmushin nan na ladabi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yana tsugune sai na ga ya ɗaga kai yana kallon wani lungu. A ƙarƙashin bishiya wasu mutane ne zaune a kan baburansu, masu kai abinci gida gida, rufe titi ya tsayar musu da aiki, suna shan shayi suna hira.

Ya ce, "Ga majalisa can."

Na ce, "Majalisar wa? Ka san su ne?"

"Duk garin da ke da 'yan babur, ba ɓular da ba su sani ba. Taso."

Ya isa wajensu ya ce "nihau", wato sannu, suka bi shi da ido suna kallon baƙin mutum da kaftani da hula. Ya nuna kunnensa, ya nuna katanga, ya nuna idonsa. Suka kalli juna. Wani ya ɗaga kafaɗa ya koma kan wayarsa. Ni dai kunya ta gama rufe ni. Sai Malam ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan dakali, ya naɗe wandonsa har gwiwa.

Ga wanda bai sani ba: duk wanda ya daɗe a kan babur, akwai ranar da salansa mai zafi za ta lashe shi a ƙwauri ta ciki. Tabon ba ya ɓacewa. Na Malam ya kai faɗin bakin kofi, sumul yana sheƙi, ni na yi masa jinyarsa muna amare.

Wani mai furfura a cikinsu ya sunkuyo ya duba. Sai ya tuntsire da dariya, ya ajiye kofin shayinsa, ya naɗe nasa wandon. Ga shi nan, a daidai wajen. Na kusa da shi ya naɗe. Na bayansa ma ya naɗe. Kafin ka ce me, maza sun jera ƙwauri a bakin titi suna gwada na wa ya fi girma, suna dukan kafaɗar Malam. Ya ciro goro ya ɓara ya miƙa wa mai furfurar. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare, amma ya daure ya haɗiye don kara. Ya bugi ƙirji ya ce sunansa A-Fai. Nan take Malam ya mayar da shi Faisal.

Faisal ya yi magana a wayarsa, wayar ta gaya mana da Turanci: "Ku biyo ni gidan mahaifiyata."

Muka hau tudu ta wasu matakala da suka kusa fitar mini da rai, muka shiga wani tsohon bene. Tsohuwar 'yar firit ce, ba ta kai kafaɗata ba, ga turaren tsinke na ci a bakin ƙofarta. Ban san me ɗanta ya gaya mata ba, ta dai kama hannuna ta ja ni ciki kamar ta san da zuwana. Ta kawo shayi ba sukari da lemo ɓararre. Da lokacin azahar ya yi muka nuna mata da hannu, ta shimfiɗa mana sabon tawul, ta kashe talabijin har muka idar. Sannan ta kai mu kicin, ta janye shanyar da ke jikin taga.

Titin ne a ƙasanmu, fili ba abin da ya tare. Faɗinsa bai fi titin unguwarmu ba, ga kwana mai tsanani, ga shingen ƙarfe mai fenti rawaya da baƙi hagu da dama. Ba ciyawa, ba fili, in ka kuskure bango ne zai tare ka.

Da masu tseren suka taso, kofunan tsohuwa suka fara kaɗawa a kan kanta. Ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, har cikin ƙirji take shiga. Na farko ya ɓullo cikin rigar fata tun daga wuya har ƙafa, ya kwantar da babur har gwiwarsa na shafar kwalta, kafaɗarsa ta wuce bango da abin da bai fi tafin hannu ba. Na rufe ido ina salati. 'Ya'yan wasu ne fa waɗannan, iyayensu na wani wajen da zuciya a hannu. Na yi musu addu'a duk da ban san sunan ko ɗaya ba.

Da na buɗe ido, Malam na kalla. Ya riƙe ƙarfen taga, hannunsa na dama na murɗawa shi kaɗai. In suka kwanta hagu ya kwanta hagu, in suka miƙe ya miƙe. Can wasu biyu suka shigo kwanar kafaɗa da kafaɗa, na baya ya kutsa ta ciki ya wuce, sai na ji an kwatsa ihu a kicin ɗin mutane: "Kwanta mata, ɗan albarka! Haka ake yi!" Sai dariya. Dariyar nan ta bakin lungu, wadda na ɗauka an binne ta a ƙarƙashin tabarma. Faisal na ihu da yarensa, Malam na ba shi amsa da Hausa, kowa ya gamsu da bayanin ɗan'uwansa. Tsohuwa na dukansu da mafici wai su rage hayaniya, ita ma tana dariya. Masu tambayata wa ya ci tseren, ku yi haƙuri, ban sani ba. Ni mijina na kalla har aka tashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da yamma sai aka janye shingayen mashiga, titin ya koma na kowa. Bas ta biyo, tasi ta biyo, wata mata ta wuce da cefane a daidai inda aka gama kwantar da babura. Faisal ya ɗauko hular kwano ta matarsa, ruwan hoda, ya miƙa wa Malam ya nuna masa bayan babur ɗinsa. Malam ya tsaya jim. Tun da yake bai taɓa zama a baya ba. Ya cire hularsa ya ba ni riƙo, ya kifa ruwan hodar, ya tattare kaftani ya hau.

Suka zagaye hanyar tseren kaf, a hankali, a tsakanin motoci. Ni da tsohuwa muka zauna a taga, na juye mata dabinon da ke jakata, ta cusa mini lemo. Da suka dawo idanun Malam sun yi ja, ya ce iska ce. Ya rungume Faisal, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani namiji ba. A hanyarmu ta komawa iyaka ya ce, "Rabi, ashe haka baya yake? Shekara da shekaru ina ɗaukar mutane, ban san suna ganin gari haka ba."

Sauran tafiyar ba wani labari. Muka koma Gwanzu, Alhaji Isiyaku ya yi mini dariyar tikiti har da riƙe ciki, aka yi lodin takalma, muka taso.

Kwana biyu da dawowarmu na ji ana jan abu a zaure. Na leƙa, tabarma na naɗe a jingine, Malam na zaune a ƙasa da sifana da tsumma. Na koma ciki. Ya yi kusan mako yana fama, yau batir, gobe taya. Ran nan da safe na ji babur ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama, har kajin maƙwabta suka watse. Na saka hijabi na fito zan tafi shago, sai ga shi a ƙofar gida a kai, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ya ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Na ce, "Malam, doka fa?"

"Iyakarmu bakin lungu. Hau."

Na hau. Ya ja a hankali, yara na bin mu da ihu, matan unguwa na leƙowa ta ƙofa. A bakin titi ya tsaya na sauka. Na buɗe jaka na ce, "Nawa ne kuɗinka?"

Ya murɗa mai, ya juya kan babur, ya ce, "Bar shi. Gobe zan zo in ji ko kin sauka lafiya."